Neman hotunan ganuwa da ƙofofin Zazzau ta API: ina gizo ke saƙar?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Kwana uku ke nan wani abu ya tsaya mini a rai, na ce bari in kawo shi gaban manya. Ina haɗa wata 'yar manhaja ta waya don 'yan firamare da ƙaramar sakandare. Yaro zai taɓa sunan wuri, kamar Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana ko Dutsen Kufena, sai hotunan wurin su fito da ɗan bayani da Hausa. Ba na son in riƙa tsinto hotunan da hannu ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa nake so manhajar ta riƙa tambayar rumbun hotuna na Flickr da kanta ta API ɗinsu, wato ƙofar da manhaja ke bi ta tura wa rumbu tambaya ta karɓi amsa. Ina da mabuɗi, wato lambar izinin shiga da suke bayarwa, na kira flickr.photos.search, amsa tana dawowa lafiya lau. Abin da ke cikin amsar ne matsalar.

In na sa text=Zaria, da yawa daga abin da ke fitowa ba garinmu ba ne, yara ne mata a Amurka masu suna Zaria, ana musu biki ko suna wasa a lambu. In na sa Kongo, unguwarmu ta nan Zariya, sai a kai ni Kinshasa. Tudun Wada kuma sai ya haɗo mini da na Kaduna da na Jos. Da na ga haka na ce bari in bi ta taswira, na zana akwatin da zai kewaye garin, na rubuta bbox=11.00,7.60,11.20,7.80. Amsa ta dawo da sifili, ko hoto ɗaya babu. A ina na kauce?

Injiniya Kwangila:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kuskure biyu ne, kuma duk wanda ya fara aiki da wannan ƙofar sai ya yi tuntuɓe da su.

Na farko, ka juya lambobin. Mun saba faɗin latitud kafin longitud, wato Zariya tana kusan 11 arewa, 7.7 gabas. Amma bbox na Flickr longitud yake so da farko: ƙaramin longitud, ƙaramin latitud, babban longitud, babban latitud. Yadda ka rubuta, akwatin da ka zana bai faɗo a Zazzau ba sam, can jihar Taraba ya sauka, wajen Bali. Ka mai da shi 7.60,11.00,7.80,11.20. Wannan akwatin ya kai kusan kilomita 22 kowane gefe, ya ɗauki cikin birni, Tudun Wada, Sabon Gari, Wusasa, har Samaru.

Na biyu shi ne wanda ba a cika lura da shi ba. Bincike ta taswira yana yi wa rumbunsu nauyi, don haka suka ce dole ka haɗa shi da wani sharaɗin da zai rage nauyin, ko kalma, ko kwanan wata. In ba ka sa komai ba, hotunan da aka ɗora a awa 12 da suka wuce kaɗai za su ba ka. Ka tambayi kanka, mutum nawa ne ya ɗora hoton Zariya mai ɗauke da lambobin wuri a Flickr daga jiya da daddare zuwa yanzu? Ka ƙara min_taken_date, ka ja shi baya sosai, ka sake gwadawa.

Ɗan Samaru:
Allah ya saka da alheri Yaya. Na gyara, hotuna sun fito. Amma gaskiya jikina ya yi sanyi. Ba su da yawa, kuma yawancinsu gine-ginen jami'a ne da bakin titi, sai 'yan kaɗan na ƙofar fada. Ƙofar Kuyambana ban ga ko ɗaya ba.

Sai wata kuma. Na faɗaɗa binciken zuwa Nigeria gaba ɗaya don in tace da kaina, na sa per_page=500, wato hoto 500 a kowane shafi. Amsa ta ce akwai shafuka masu ɗimbin yawa, amma daga shafi na 9 sai na ga hotunan da na riga na gani suna sake dawowa. Na ɗauka zagayen da na rubuta don ya riƙa bin shafukan ɗaya bayan ɗaya ne ya lalace, na kwana ina dubawa.

Injiniya Kwangila:
Zagayenka lafiyarsa ƙalau. Flickr ba ya ba da fiye da sakamako 4,000 na farko a tambaya guda, ko da ya nuna maka jimilla mai yawa. 500 sau 8 ya zama 4,000, daga nan sai maimaici. Dabarar ita ce ka yanyanka tambayar da kwanan wata: shekara-shekara, in shekarar ta yi yawa wata-wata, da min_upload_date da max_upload_date, yadda kowane yanki ba zai kai 4,000 ba. Ka riƙa ajiye id na kowane hoto don kar ka ɗauki guda sau biyu. In kana cikin binciken taswira kuma, 250 ne iyakar shafi, ba 500 ba. Sannan kar ka wuce tambaya 3,600 a awa guda da mabuɗi ɗaya, ka sa ɗan jinkiri na daƙiƙa ɗaya tsakanin tambaya da tambaya, ba za ka taɓa kai iyakar ba.

Auta:
Ni dai ban ga dalilin wannan wahalar ba. Ku shiga Google ku rubuta Ƙofar Doka, hotuna ga su nan birjik, na Facebook, na jaridu, na kowa. Rabin awa ya ishe ni in rubuta abin da zai kwaso su duka. Aikin yara ne fa, ba sayarwa za a yi ba. Wa zai biyo ɗalibi a Samaru don hoton ƙofa?

Baba Mai Hoto:
Yaro, ni zan biyo shi.

Shekara sama da talatin ina sana'ar hoto a Sabon Gari. Akwai wani hoton hawan Sallah da na ɗauka zamanin marigayi Sarki Shehu Idris, Allah ya jiƙansa. Tun hantsi na hau kan wata katanga nake jira, rana ta gasa ni, fim ɗina saura uku, na riƙe hannuna har sai da 'yan lifida suka karyo kwana ƙura ta tashi a bayansu. Ni na wanke shi da hannuna. Bayan shekaru na shiga shagon wani tela a Kaduna, na ɗaga kai, sai ga hoton a kalanda, an ƙara masa kala, an yanke ƙasan inda hatimina yake. Na ce wa telan ni na ɗauki wannan, ya yi murmushi irin na wanda bai yarda ba. Ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba, yanke sunan ne.

Don ka ga abu a kan hanya ba shi ke nuna ba shi da mai shi ba. Ni ban san API ba, jikana ne ya sa ni a zauren nan don ina gyaran kyamara, amma in abin da Ɗan Samaru yake bi yana kawo hoto tare da sunan wanda ya ɗauka, to ya riƙe shi, ko da hoto goma zai samu.

Auta:
Allah ya huci zuciyarka Baba, ban yi nufin raini ba. Amma dai a duba, in aka ce sai hoto mai lasisi kaɗai, wato wanda mai shi ya ba da izinin amfani da shi, manhajar za ta fito kusan fanko. Yaron da ya taɓa Ƙofar Kona ya ga fili, me ya ƙaru da shi?

Injiniya Kwangila:
Auta, ko da mun ajiye maganar haƙƙi gefe, wanda bai kamata mu ajiye ba, abin da kake kwasowa daga shafin bincike ba ya ɗorewa. Ran da suka sauya fasalin shafin, aikinka ya tsaya. Kuma hoto ne tsirara za ka samu, ba shekara, ba sunan mai shi, ba tabbacin wurin. Na sha ganin hoton ƙofar Kano ko ta Katsina ana yawo da shi a matsayin ta Zariya. Haka za mu koya wa yara?

API kuwa alkawari ne tsakaninka da mai rumbun: ka tambaya ta wannan sigar, in amsa maka ta waccan. Ɗan Samaru, ka ƙara extras=license,owner_name,date_taken,geo,url_z a tambayarka, za ka samu lasisi, sunan mai hoto, ranar ɗauka da wuri duk a amsa ɗaya. Ga lambobin da za ka fi buƙata: 0 na nufin mai hoto ya riƙe haƙƙinsa duka, kar ka taɓa sai da izininsa. 4 shi ne CC BY, ɗaya daga lasisin Creative Commons da ke ba jama'a damar amfani da aiki, ka yi amfani ka ambaci sunansa. 5 shi ne CC BY-SA, ka ambaci suna, in ka sarrafa hoton kuma ka sake shi da irin wannan lasisin. 1, 2 da 3 duk sun hana kasuwanci. 7 na cibiyoyin adana tarihi ne, waɗanda suka ce ba su san da wani haƙƙin da ya rage a kan hoton ba. 9 da 10 na kowa ne. In akwai ranar da za ka sa talla a manhajar, tun yanzu ka bar 1, 2 da 3.

Maman Hanifa:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, sai da na sallami yara. Ni malamar tarihi ce, kuma ina ɗan taɓa aikin Wikipedia ta Hausa, don haka Wikimedia Commons, rumbun hotunan da Wikipedia ke amfani da shi, na fi sani. Ƙanena, me ya sa ba ka gwada can ba? Tun 2004 yake, fayilolinsa sun haura miliyan 100, ba ya buƙatar mabuɗi don karantawa, kuma duk abin da ke ciki an yarda a yi amfani da shi har a kasuwanci, muddin an bi sharaɗin lasisin. 'Yan ƙasar nan sun ɗora hotuna da dama ta gasar Wiki Loves Africa da aka fara a 2014, da Wiki Loves Monuments.

Amma ga abin da nake so ka riƙe, don shi ne ya sa ba ka ga Ƙofar Kuyambana ba. Wannan binciken ba hoton yake kallo ba, rubutun da ke gefen hoton yake karantawa: sunan fayil, bayani, rukuni. In mutum ya ɗauki ƙofar da kyau ya ɗora ta da sunan da waya ta ba ta, IMG da jerin lambobi, bai rubuta komai ba, to ko shekara za ka yi kana tambaya ba za ta fito ba. Tana nan a rumbun, amma kamar littafi ne a laburaren Kashim Ibrahim na jami'ar Ahmadu Bello da aka ajiye a kanta ba a yi masa kati ba.

Sai kuma bakinmu. Mu Zazzagawa ai Kofan Doka muke cewa, Kofan Gayan, Kofan Kibo, kuma haka muke rubutawa a allunan shaguna da jikin motoci. Bakano zai rubuta Kofar Doka, mai kula da ƙa'idar rubutu ya sa ƙ mai lanƙwasa, Bature ya rubuta sunan da kalmar gate. Wuri ɗaya, rubutu huɗu. Haka Zaria, Zariya, Zazzau, a tsofaffin littattafan Turawa har Zegzeg. Ka yi jeri na sunaye ga kowane wuri, ka tura tambaya da kowanne, sannan ka haɗe sakamakon.

Ɗan Samaru:
Anti, wallahi Kofan bai taɓa zuwa raina ba, alhali da shi nake magana kullum. Na gwada yanzu a Commons da hannu, abin da ya fito da Kofan daban, na Kofar daban. Amma da na kira daga Python, harshen da nake rubuta aikin da shi, sai aka dawo mini da 403, wato an hana ni shiga.

Injiniya Kwangila:
Ba ka gabatar da kanka ba ne. Wikimedia suna da ƙa'ida cewa kowace manhaja ta faɗi sunanta da hanyar tuntuɓar mai ita a User-Agent, layin gabatar da kai da ke bin kowace tambaya. In ka bar wanda laburaren Python ke sawa da kansa, suna iya rufe maka ƙofa. Ka sa sunan manhajarka da adireshin da za a same ka.

Adireshin shi ne commons.wikimedia.org/w/api.php. Ka sa action=query da generator=search, kalmarka a gsrsearch, sannan gsrnamespace=6 don fayiloli kaɗai yake nufi. Ka ƙara prop=imageinfo da iiprop=url|extmetadata, a nan za ka ga Artist da LicenseShortName. Kar ka manta da iiurlwidth=640, domin in ka bar yaro ya sauke asalin hoton mai nauyin megabayit da yawa, datar mahaifiyarsa za ta ƙare kafin ya kai ƙofa ta uku. In amsa ta zo da continue, ka mayar musu da abin da ke ciki a tambaya ta gaba, haka har ya daina zuwa.

Suna da binciken taswira su ma, list=geosearch, amma ka kula: a nan latitud ne farko, gscoord=11.06|7.70, akasin Flickr. Nisan da yake kaiwa daga cibiya kuma bai wuce mita 10,000 ba. In ka kafa cibiya a fada ba zai kai Samaru ba, sai ka kafa ta biyu a can.

Maman Hanifa:
Akwai ma hanyar da ta fi kalma tabbas. Tun 2019 Commons suka ba da damar a ce wannan hoton yana nuna abu kaza, a ɗaure shi da lambar abin a Wikidata, rumbun bayanai na Wikimedia, lambar da ke farawa da Q. Lamba ba ruwanta da Kofan ko Kofar. In ka rubuta haswbstatement:P180= ka bi shi da lambar wurin, duk hoton da aka ɗaure da wurin zai fito, ko da Jamusanci aka yi bayaninsa. Sai dai fa sai wani ya zauna ya ɗaure. Ni nakan yi goma ko ashirin da daddare in an kawo wuta.

Malam Kwarbai:
Assalamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu, fasahar ta fi ƙarfina amma akwai inda nake da magana. Ɗana, kafin ka bar na'ura ta riƙa zaɓa wa yara hoto da kanta, ka zauna ka kalli abin da ke fitowa in an nemi garuruwanmu. Na taɓa gani a wayar wani ɗalibina: almajirai da robobinsu an ɗauke su daga sama, bola, mace tana wanki a ƙofar gida ba ta ma san ana ɗaukarta ba. Wanda ya ɗauka ya ba da lasisi, to ita wa ya tambaye ta? Lasisin nan da kuke lissafawa haƙƙin mai kyamara ne, ba ya wanke haƙƙin wanda ke cikin hoton. Yaron da aka ɗauka da roba yau magidanci ne, wataƙila ɗansa ne zai buɗe manhajar.

Ba na cewa a ɓoye talauci, yana nan muna ganinsa. Amma wanda ya zo ya kwana biyu ya tafi, abin da ya ba shi mamaki yake ɗauka, kuma sunan da ya ga dama yake sa masa. Mu da muke ciki mun san Zazzau gari ne na karatu, na zaurukan malamai, na ɗinkin riga da aikin fata. Ina waɗannan a rumbun?

Auta:
Allah ya gafarta Malam, to ai maganata ke nan ta wata fuskar. Hotunan kirki suna hannun mutanenmu a Facebook da WhatsApp, ba a waɗannan rumbunan ba.

Malam Kwarbai:
Suna hannunsu, sai a je a roƙe su. Ba a shiga gonar mutum don amfaninta ya fi kyau.

Injiniya Kwangila:
Maganar Malam ta sa dole a sauya tsarin manhajar, kuma hakan ya fi ko ta fuskar fasaha. Kar wayar yaro ta riƙa tambayar rumbun kai tsaye. Na ɗaya, in ka cusa mabuɗin Flickr a cikin manhajar, duk wanda ya buɗe cikinta zai ɗauke shi, haka in ka tura shi GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu. Na biyu, ba ka san abin da wani zai ɗora gobe da sunan Zariya ba. Ka yi bincikenka a kwamfutarka sau ɗaya a mako, sakamakon ya shiga jerin jira, mutum ya duba kowane hoto da idonsa ya ce wannan ya shiga, wannan a'a. Abin da aka amince da shi kaɗai yara za su gani. Na Commons kana iya ajiye ƙananan kwafi a cikin manhajar don ta yi aiki ba data, da suna da lasisi a ƙasan kowanne. Na Flickr ka karanta sharuɗɗansu da kyau tukuna, suna da iyakar hoto 30 a shafi guda, kuma in mai hoto ya janye nasa dole kai ma ka cire.

Maman Hanifa:
Zan karɓi aikin dubawar in kana so, ni da wasu malamai biyu a makarantarmu.

Ga wani wurin da za ka leƙa. Ma'adanar takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew ta ɗora hotunan tsohon ofishin mulkin mallaka a Flickr a 2011, da sunan Africa Through a Lens, akwai na Najeriya a ciki. Bayanan da ke jikinsu na Turawan wancan lokacin ne, wani lokaci Northern Nigeria kawai za ka gani, ba gari ba unguwa, kuma yawanci ba lambobin wuri, don haka akwatinka ba zai kamo su ba. Sai ka taƙaita binciken ga asusunsu da user_id, ka bi su a hankali. In ka ga wanda kake zaton Zariya ce, kar ka yanke hukunci, ka kawo wa irin su Malam da Baba su duba.

Malam Kwarbai:
In Allah ya sa ka ci karo da hoton cikin tsohon Masallacin Juma'a, ka kira ni ko tsakar dare ne. Ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, zamanin Sarki Abdulkarimu, a ƙarni na 19. Wanda bai tsaya a ƙarƙashin waɗannan bakan gizo da ke riƙe da rufin ya ɗaga kai ya ga ɗaurin guga ba, ba zai gane abin da aka yi da ƙasa da azara ba. Tun da wani sashensa ya rufta a watan Agusta na 2023, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a ciki, duk wani hoton cikinsa ya zama amana a hannun mai shi.

Baba Mai Hoto:
Ina da su, Malam. Na ciki da na waje. Suna cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gado, kowane fim a naɗe cikin takarda, na rubuta wata da shekara da biro. Wasu sun fara cin danshi a gefe. Akwai ganuwa ta wajen Ƙofar Gayan tun tana da tsayi, kafin a cinye ta da gini da ɗibar ƙasa. Akwai tashar jirgin ƙasa, akwai ginin kamfanin ɗab'i na Gaskiya a Tukur-Tukur.

Maman Hanifa:
Baba, don Allah ka bari a ɗora su a Commons. Ni zan zo da kaina in rubuta bayanin kowanne da bakinka, Hausa da Turanci, sunanka a kan kowanne. Duk manhajar da ta jawo hoton ta API, sunanka zai biyo shi.

Injiniya Kwangila:
Hajiya, a faɗa wa Baba gaskiya duka kafin ya amsa. Commons ba ya karɓar lasisin da ya hana kasuwanci. In Baba ya sa CC BY-SA, mai kalanda yana da damar bugawa ya sayar bai ba shi ko kwabo ba, abin da ke kansa kawai ya rubuta sunan Baba da lasisin. Kuma lasisin Creative Commons ba a janye shi, in an bayar an bayar. Yanzu haƙƙin yana hannunsa, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba hoto kariyar shekara 50. Kar mu sa dattijo ya saki abin da 'ya'yansa za su iya amfana da shi bai san me ya saki ba.

Maman Hanifa:
Gaskiya ne, kuma ban yi niyyar ɓoyewa ba. Amma danshi ba ya jiran shekara 50. Na ga gidan da aka zubar da buhu guda na hotuna bayan rasuwar mai su, don ba wanda ya san su waye a ciki. In Baba bai faɗi sunan wuri da shekara da bakinsa ba, wa zai faɗa?

Injiniya Kwangila:
Adanawa daban, sakin haƙƙi daban. A fara juyar da su zuwa kwamfuta da bayanansu, wannan ba ya buƙatar lasisin kowa. Daga nan Baba ya zaɓa. Yana iya buɗe asusu a Flickr, na kyauta yana ɗaukar hoto 1,000, ya sa lasisin da ya hana kasuwanci, ko ya riƙe haƙƙinsa duka ya ba Ɗan Samaru izini a rubuce. Yana iya ba Commons matsakaicin kwafi na wasu, manyan su zauna a wurinsa.

Baba Mai Hoto:
Na ji ku duka, Allah ya yi muku albarka. Na masallaci da na ganuwa zan bayar a inda 'yata ta ce, ko mai kalanda ya buga, in dai da sunana. Waɗannan ba nawa ba ne ni kaɗai. Na hawan Sallah ina riƙe da su tukuna, sai na yi shawara da yarana. Na bukukuwan mutane da na mata da suka zo shago kuwa ba za su fita ba ko kusa, amanar iyalansu ce.

Auta:
Ina da sikana mai ɗaukar fim a shagonmu na PZ, ba na kuɗi ba Baba. Sai dai a ba ni daren Juma'a in gwada ta, ta daɗe ba a kunna ba.

Tambaya ɗaya: sababbin hotunan fa? In muka fita muka ɗauki ƙofofin da waya, a turo su nan zauren?

Injiniya Kwangila:
Kar a turo su kamar hoto, WhatsApp yana matse su ya goge bayanan da ke ciki, har da ranar ɗauka da lambobin wurin da geosearch ke dogara da su. A turo a matsayin fayil, ko kowa ya ɗora nasa da asusunsa, don wanda ya ɗauka shi ne mai ba da lasisi. A kunna wuri a kyamara in ana gaban ƙofa ko dutse, a kashe in ana cikin gida. In mutum zai fito sosai a hoton, a tambaye shi.

Ɗan Samaru:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Na sauya tsarin kamar yadda Yaya ya ce, na yi jerin sunaye ga kowace ƙofa, jerin jira kuma ya fara cika, zan tura wa Anti yau da daddare. Har yanzu Kuyambana da Kona da Jatau ba ni da abin da zan nuna. Ranar Asabar bayan sallar asuba zan fara daga Ƙofar Doka, kafin rana ta yi ƙarfi motoci su cika wurin. Malam, in ba takura, ina so in biyo Kwarbai ka nuna mini inda asalin Ƙofar Jatau take, don kar in ɗauki wuri in sa masa sunan da ba nasa ba.

Malam Kwarbai:
Ka zo ƙarfe 7, za ka same ni a zaure. Ka taho da littafi da biro, ba waya kaɗai ba.